Ƙwaya Ɗaya Na Gumi, Bakwai Na Barci: Yadda Fakiti Ke Ɓacewa a Cikin Na'ura



Shugaban wannan zama, malamaina da ke nan gaba, ɗalibai maza da mata, da 'yan'uwana masu sana'ar haɗa netwok da suka taso daga Babura da Roni da Gwiwa, barkanku da war haka.

An nemi in yi magana a kan ɓacewar fakiti, wato ƙananan ƙunshin da saƙon intanet ke tafiya a cikinsu. Kowa a ɗakin nan ya san alamunta ko da bai san sunanta ba. Kana kiran WhatsApp murya ta riƙa yankewa, ko kana cike fom ɗin rajista shafin ya tsaya yana ta juyi. Abin da mukan ce shi ne babu netwok, a ɗora wa kamfanin waya laifi, ko a rubuta wa shugaban makaranta takarda a ce a ƙaro megabit. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wata ɓacewar da ke faruwa bayan fakiti ya gama doguwar tafiyarsa. Ya keto teku, ya sauka Legas, ya biyo faiba har Kano, ya shigo Kazaure, ya iso bakin na'urarka lafiya lau, sannan ita da kanta ta yar da shi. A kan wannan zan tsaya, domin maganinta a hannunmu yake, kuma galibi ko kwabo ba ya ci.

Garin nan ba baƙo ba ne a harkar. Tun 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe makarantar Informatics a nan Kazaure da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Malamanmu da suka ga wancan lokaci za su tuna cewa intanet ta tauraron ɗan'adam take zuwa, ta faranti a bayan ofis, kuma abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. Kowace tsohuwar kwamfuta za ta haɗiye shi ba tare da ta ji ba. Daga baya wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010, na Equiano ya sauka Legas a 2022, faiba ta ratso arewa. Hanya ta buɗe, sai ƙuncin ya koma cikin akwatin da ke karɓar saƙon.

Kafin in shiga cikin akwatin, bari in nuna muku dalilin da ya sa wannan matsala ta fi shafarmu a kan mutumin da ke zaune a Landan. A 1997 Matthew Mathis da abokan aikinsa suka fitar da wani lissafi mai sauƙi game da TCP, ƙa'idar da yawancin saƙonnin intanet ke tafiya a kanta. Lissafin ya nuna cewa gudun haɗi ɗaya yana raguwa da abubuwa biyu: tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da yawan fakitin da ke ɓacewa. Mu ƙaddara ana asarar fakiti 1 cikin 100. Wanda sabarsa ke kusa da shi, zuwa da dawowa milisakan 10, zai samu wajen megabit 14 a sakan. Mu da sabar ke Turai, a ce milisakan 150, ba za mu kai megabit 1 cikakke ba. In ta tsohon tauraron ɗan'adam ne, mai milisakan 600, ka sauko zuwa kwatan megabit. Asarar iri ɗaya ce, amma tazara ta ninka mana hukuncinta. Gaskiya ne sababbin dabarun TCP, irin CUBIC da Linux ke amfani da shi tun 2006 da BBR da Google ya fitar a 2016, sun sassauta lamarin, amma ba su kawar da shi ba. Saboda haka makarantar da ke biyan kuɗin megabit 100 tana iya jin kamar megabit 5 take da shi, alhali kamfanin ya kawo abin da aka biya.

To, me ke faruwa idan fakiti ya iso?

Katin netwok ne ke fara karɓarsa. Yana rubuta shi kai tsaye cikin ma'adanar kwamfuta, a wani jerin gurabe da aka keɓe masa wanda ake kewayawa kamar zobe. Daga nan sai katin ya buga wa firosesa ƙararrawa, ma'ana ta katse abin da take yi ta zo ta kwashe. Guraben nan ba su da yawa. A katunan Intel da yawa na gigabit ɗaya, 256 ne in ba ka taɓa saitin ba. Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Layin gigabit ɗaya, idan manyan fakitoci ne masu bayit 1,500, yana kawo kimanin 81,000 a sakan. Idan ƙanana ne masu bayit 64, yana kawo miliyan 1.488. A wannan gudun, gurabe 256 za su cika cikin mikrosakan 172. Ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kan wannan. Idan firosesa ta makara daidai haka, fakitin da ya zo bayan an cika ba shi da wurin sauka, sai katin ya watsar da shi ya ƙara ɗaya a ƙididdigarsa. A layin gigabit 10 kuwa, ƙananan fakitoci miliyan 14.88 ne a sakan, wato nanosakan 67 ga kowanne, kimanin bugu 200 kacal na firosesa mai gigahaz 3.

Ku riƙe wannan: yawan fakiti ne ke gajiyar da na'ura, ba nauyinsu ba. Kiran murya, tambayar DNS, wasannin waya, duk ƙananan fakitoci ne. Shi ya sa rauta za ta sauke babban fim ba tare da tari ba, amma ta shaƙe idan ɗalibai suka cika hostel da kiraye-kiraye bayan isha'i.

Matsalar ƙararrawa tsohuwa ce. A 1996 Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan suka bayyana yadda na'ura ke iya shiga wani hali inda duk ƙarfinta ke ƙarewa wajen amsa ƙararrawa, ba ta samun sarari ta sarrafa ko fakiti ɗaya. Tana aiki tuƙuru, amma babu abin da ke fita. Linux ya magance wannan da dabarar NAPI, wadda Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001. Idan ƙararrawar farko ta buga, sai a kashe ta, firosesa ta riƙa ɗebo fakitoci da yawa a zuwa ɗaya har zoben ya zama fanko, sannan a sake kunna ta.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Wajen 2004 masu ƙera firosesa suka ci karo da bango. Pentium 4 ya tsaya a gigahaz 3.8, Intel ya fasa fitar da mai gigahaz 4, saboda zafi da cin wuta. Daga 2005 aka koma zuba ƙwayoyi da yawa a firosesa ɗaya: biyu, huɗu, takwas, har abin da ya fi haka. Kowace ƙwaya ma'aikaciya ce mai zaman kanta. Sai dai katin netwok na da zobe ɗaya da ƙararrawa ɗaya, kuma ƙararrawar ƙwaya ɗaya take tasa, galibi ta farko, mai lamba sifiri. Ku ɗauka tireloli ne ke sauke hatsi a kasuwar Dawanau, ga 'yan dako takwas a gindin bishiya, amma duk motar da ta tsaya sunan mutum ɗaya ake kira. Shi yana neman faɗuwa, buhuna na zubewa ƙasa, bakwai na kallo.

Abin da ya sa wannan ciwo ke da wuyar ganewa shi ne ma'aunin da muke dubawa yana rufe shi. Na'ura mai ƙwaya takwas, ɗaya ta cika maƙil, bakwai babu aiki, allo zai nuna maka kashi 12 ko 13 cikin 100. Sai ka ce ai na'urar hutawa take yi. Na taɓa zuwa wata makaranta inda har an rubuta takardar neman ƙarin kuɗin intanet, saboda da ɗalibai sun fito daga aji komai ke tsayawa. Sabar da ke raba musu layi tsohuwar kwamfutar tebur ce da aka ɗora wa Linux, a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya. Muka buɗe umarnin top muka danna 1, domin kowace ƙwaya ta fito a layinta. Ta farko tana kusa da 100 a ƙarƙashin si, sauran duk sifiri da ɗigo, kuma wani aiki mai suna ksoftirqd/0 na zaune a saman jeri. Muka leƙa /proc/interrupts. A layin katin netwok, shafin CPU0 na ɗauke da lamba doguwa har ta ture gefen allo, sauran shafukan kuwa 0, 0, 0. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Maganin farko daga Microsoft ya fito, sunansa RSS, ya shiga Windows Server 2003 a wani ƙari da aka fitar a 2006, masu ƙera kati suka karɓa, Linux ma ya ɗauka. Katin da ke da RSS yana da zobba da yawa, kowanne da ƙararrawarsa, kowace ƙararrawa a ɗaure da ƙwaya daban. Intel i210 na da huɗu, i350 na da takwas a kowace kafa, 82599 na gigabit 10 na raba wa 16.

A nan ne nake so ku nutsu, domin nan hikimar take. Wani zai ce ai rabon mai sauƙi ne: fakiti na farko a ba ƙwaya ta ɗaya, na biyu a ba ta biyu, a yi ta kewayawa. Wannan rabon zai fi rashinsa ɓarna. Ƙwayoyin ba sa gama aiki a lokaci ɗaya, saboda haka fakiti na 6 na iya riga na 5 isa. TCP kuwa idan ya ga giɓi a jeri, mai karɓa yakan riƙa maimaita cewa na 5 yake jira, kuma da zarar mai aikawa ya ji maimaicin nan sau uku, sai ya ɗauka an yi asara, ya sake aikawa, ya rage gudu. Ka ga ka ƙirƙiro asarar ƙarya da hannunka, kuma ka tuna yadda tazara ke ninka mana hukunci.

Don haka ba fakiti ake rabawa ba, zance ake rabawa. Kowane haɗi tsakanin na'urori biyu yana da alamomi huɗu da ba sa canzawa har ya ƙare: adireshin IP na mai aikawa, na mai karɓa, da lambar ƙofa ta kowane ɓangare. Katin yana zuba waɗannan huɗu cikin wani lissafi da ake kira Toeplitz, ya fitar da lamba guda. Daga ƙarshen lambar yake ɗaukar bit bakwai, ya duba wani tebur mai gurabe 128, kowane gurbi na nuna zoben da za a kai fakitin. Tunda alamomin ba su canza ba, lambar ba za ta canza ba, duk fakitocin zance ɗaya ƙwaya ɗaya za su je, a jere. Dubban zantuka kuwa za su watsu a kan dukkan ƙwayoyin. A Dawanau ma ai kowane buhu da alamar mai shi a jiki. Alama ɗaya, ɗan dako ɗaya.

Yanzu ga tambayar da ta fi dacewa da aljihunmu. Idan katinka mai zobe ɗaya ne fa? Yawancin katunan Realtek da ke liƙe a kwamfutocin tebur haka suke, haka Raspberry Pi, haka na'urar gaibu, wato VM, da aka buɗe ba tare da an kunna mata layuka da yawa ba. Wannan ne Tom Herbert, injiniya a Google a lokacin, ya magance da RPS, wanda ya shiga Linux 2.6.35 a watan Agusta 2010. Dabarar RSS ce aka mayar cikin manhaja. Ƙwayar da ƙararrawa ta tasa ba ta sarrafa fakitin har ƙarshe. Tana duba lambar zancensa, ta zaɓi ƙwayar da ta dace, ta ajiye shi a layin jiran waccan, ta taɓa ta ta farka. Aikin mai nauyi, wato bin ƙa'idojin IP da TCP da dokokin katangar tsaro da sauya adireshi, sai ya rabu.

RPS a kashe yake zuwa. Kunna shi rubuta lamba ɗaya ce a fayil ɗin rps_cpus, da ke ƙarƙashin /sys/class/net, cikin babban fayil na katinka, a queues/rx-0. Lambar ta tsarin sha shida ce, kowane bit na wakiltar ƙwaya. A na'ura mai ƙwaya huɗu, idan ka rubuta e, wato 1110, ka ce a raba wa ta 1 da ta 2 da ta 3, a bar ta sifiri da aikin amsa ƙararrawa. A mai takwas, fe. Abin da muka rubuta ke nan a waccan makarantar, muka kuma faɗaɗa zoben katin da ethtool -G. Takardar neman kuɗin ba ta bar ofis ba. Ku lura dai, saitin yana gogewa idan na'ura ta mutu ta tashi, kuma mu nan kun san yadda wuta take. A sa shi cikin abin da ke gudana lokacin tashin na'ura, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaya ta mayar da kai gidan jiya.

Akwai ƙaninsa, RFS, da suka shigo tare. Shi yana lura da ƙwayar da manhajar da ke jiran saƙon take gudana a kai, ya kai fakitin can, domin bayanan su tarar da ita a ma'ajiyarta ta kusa. Yana da amfani a sabar da ke amsa buƙatu, kamar ta rajistar ɗalibai. A rauta, wadda wucewa kawai fakiti ke yi, babu manhajar da ke jira, saboda haka ba ya ƙara komai. Abin da ke burge ni a tsarinsa shi ne haƙurinsa: ko manhaja ta koma wata ƙwaya, ba ya karkatar da zancen sai tsohuwar ƙwayar ta gama da fakitin ƙarshe da ke layinta, don kada jeri ya hargitse.

Ina roƙonku kada ku fita daga nan ku je kuna kunna RPS a duk na'urar da kuka gani. A auna tukuna. Umarnin ethtool -S zai nuna maka ƙididdigar katin, ka nemi layukan da ke maganar fakitin da aka rasa ko aka yar. Fayil ɗin /proc/net/softnet_stat yana da layi ɗaya ga kowace ƙwaya. Shafi na biyu shi ne fakitin da aka yar saboda layin jira ya cika, wanda iyakarsa 1,000 ce in ba a canza ba. Shafi na uku shi ne sau nawa ƙwayar ta cinye kasonta na zagaye, fakiti 300, alhali da sauran aiki. Idan lambobin nan ba sa motsi lokacin da jama'a ke kuka, to ba a nan gizo ke saƙar ba. Je ka duba eriya, ko wayar da ɓera ya ci, ko kamfanin. Ɗakin jarrabawar JAMB, misali, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kwamfuta 250 ne ke magana da saba ɗaya, amma abin da suke aikawa ɗan kaɗan ne, da wuya ya cika ƙwaya. In an samu tangarɗa a can, ni suwic da wayoyi zan fara tuhuma. Haka kuma idan katinka na da RSS kuma zobbansa sun kai yawan ƙwayoyinka, ƙara RPS a kai wahala ce kawai, domin taɓa wata ƙwaya ma yana da kuɗinsa.

Sai wuraren da rabon ke ƙin yiwuwa, kuma su ne suka fi cizon masu ƙananan kamfanonin raba intanet a garuruwanmu. Na farko PPPoE, wanda da yawanku ke amfani da shi wajen ba kwastoma suna da kalmar sirri. Yana naɗe fakitin IP cikin wani mayafi, kuma katuna da yawa ba sa iya leƙa ƙarƙashinsa su ga alamomin nan huɗu. Sai su zuba komai a zobe na farko, ko da suna da takwas. A nan RPS ne ke ceto, domin Linux ya san yadda ake ɗaga mayafin. Na biyu UDP. Wasu katunan, a saitinsu na asali, adireshi biyu kawai suke dubawa ba sa haɗawa da lambar ƙofa. A da wannan ba komai ba ne. Yanzu kuwa YouTube da shafuka da yawa na tafiya a kan QUIC, wanda UDP ne, ga shi kuma ɗaruruwan mutane na fita da adireshi ɗaya a bayan NAT. Sai tarin jama'a su zama kamar zance ɗaya. Ana gyara wannan da ethtool -N, a ce wa katin ya haɗa da ƙofofi.

Na uku shi ne mai wuya: rami ɗaya babba. Idan ka haɗa reshen Roni da hedkwata a Kazaure da VPN guda, duk abin da ke ciki, a idon katin, zance ɗaya ne, kuma zance ɗaya ƙwaya ɗaya yake sauka. Mutum zai sayi MikroTik CCR1036, mai ƙwaya 36, kowace gigahaz 1.2, ya yi mamakin yadda rami ɗaya ya kasa cika layi alhali ƙwayoyi talatin da wani abu na zaune. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, an ƙera ta ne don dubban ƙananan zantuka. Mai irin wannan buƙata ko dai ya raba ramin gida biyu ko uku, ko ya nemi na'ura mai ƙwayoyi kaɗan masu gudu. Kafin a fitar da kuɗi, a tambayi kai: zantuka nawa ne za su bi ta nan, kuma mafi girmansu nawa yake ɗauka?

Babban zance na iya danne ƙananan da suka faɗo ƙwaya ɗaya da shi. Saboda haka a Linux 3.11, a 2013, Willem de Bruijn ya ƙara wani birki. Idan layin jira ya wuce rabi, ana duba fakiti 256 na baya-bayan nan, duk zancen da ya cinye fiye da rabinsu shi ake fara yar wa fakiti, domin kiran muryar wani ya samu wucewa. Shi ma a kashe yake zuwa.

Abu na ƙarshe ba ya cikin littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi. Firosesa idan ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu, ɗakin saba mai rufin kwano, injin sanyaya ɗaki a kashe saboda ana tattalin batirin sola, ƙwayar da ke ɗaukar kaya da safe ba za ta iya da azahar ba. Idan ƙorafin jama'a yana zuwa da rana yana tafiya da dare, a duba zafin na'urar tare da waɗancan ƙididdiga, a buɗe ta a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankarta. Raba aiki a kan ƙwayoyi huɗu yana ba ka sarari ko da kowace ta rage gudu, amma ba ya maye gurbin iska.

Shugaba, na ga ka duba agogo. Akwai kwamfuta a nan gefe da na ɗora wa Linux, duk mai so ya matso bayan tambayoyi mu buɗe /proc/interrupts tare.